Ƙari a ƙwaƙwalwa da matsin da ke cikin ƙoƙon kai

Idan aka ambaci cutar daji, abin da ke fara zuwa a ran mutane, har da ɗalibaina masu koyon aikin jinya a nan Birnin Kebbi, shi ne ƙwayoyin halittar jiki da suka kangare suna ta hayayyafa babu ƙaƙƙautawa, da kuma neman maganin da zai kashe su. Wannan fahimta daidai ce, sai dai ba ta wadatar ba idan aka zo kan ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa, domin a can akwai wata matsala da babu irinta a mama ko a hanta, wato rashin wuri. Ciki yana buɗewa ya ba ƙari fili har ya girma ƙwarai kafin mai shi ya kwanta, shi kuwa ƙoƙon kan baligi ƙashi ne da ya riga ya haɗe, ba ya miƙewa ko kaɗan. Wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotilan, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su ne suka fara shimfiɗa ƙa'idar da har yau ake koyarwa da sunansu: abubuwa uku ne a cikin ƙoƙon kai, naman ƙwaƙwalwa da ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wurin, sai jini da ruwan ƙwaƙwalwa da suka raba sauran, kuma duk abin da ya ƙaru a ciki dole wani ya ragu. Ruwan nan bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki yana samar da kusan mililita 500 a kowace rana yana kuma tsotse shi, saboda haka ko toshewar hanyarsa kaɗai ta isa ta jefa mutum cikin haɗari. Matsin da ke cikin kan lafiyayyen baligi idan yana kwance yana tsakanin 7 da 15 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, kuma da zarar ya haura 20 ya tsaya a nan, likitoci sukan tashi tsaye.

Mafi muni a cikin ƙarin da ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar manya shi ne giliyobilastoma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a mataki na 4, matakin ƙarshe. A Amurka yana kama kimanin mutum 3 cikin 100,000 a shekara, yawancinsu waɗanda suka haura shekara 60, kuma shi ne ajalin Sanata Ted Kennedy a 2009 da Sanata John McCain a 2018, mutanen da babu wani asibiti a duniya da ya fi ƙarfinsu. Tsarin maganin da ake bi har yanzu ya samo asali ne daga wani gwaji da Roger Stupp ya jagoranta aka buga a 2005: a yi tiyata a cire abin da zai ciru, a yi gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura mai ƙarfi, na mako 6, a haɗa da ƙwayar maganin daji mai suna temozolomayid. Abin da wannan haɗin ya yi shi ne ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar marasa lafiya daga wata 12.1 zuwa wata 14.6, kuma waɗanda ke kai shekara 5 ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Tiyata kaɗai ba ta iya gamawa da shi, domin tun a 1928 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins ya gwada cire rabin ƙwaƙwalwa ɗungurungum, amma cutar ta sake ɓullowa a jikin waɗanda suka tsallake tiyatar. Ƙwayoyinta sun riga sun silale sun bar uwar ƙarin tun kafin a ɗauki wuƙa, suna bin gefen jijiyoyin jini da zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa, kamar yadda Hans Scherer ya bayyana tun 1938.

Na daɗe ina ɗaukar matsin cikin kai a matsayin alamar cuta kawai, abin da ƙari ke haifarwa a kuma yi ƙoƙarin sauƙaƙa shi, domin haka littattafan jinya suke kawo shi. Binciken shekarun nan ya nuna cewa matsin yana cikin masu ciyar da cutar gaba, yana kare ta daga magani, yana kuma taimaka mata wajen yaɗuwa. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan wannan batu shi ne Rakesh Jain, haifaffen Indiya, wanda ke aiki a Jami'ar Harvard da babban asibitin Massachusetts da ke Boston, kuma a ganina ba banza ba ya zamanto injiniyan sinadarai ne tun asali, mutumin da aka horar a kan yadda ruwa ke bin bututu.

Ƙari mai saurin girma yana buƙatar jini, don haka yakan fitar da wani sinadari da ake kira VEGF wanda ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Harold Dvorak da abokan aikinsa da suka gano sinadarin a 1983 sun fara saninsa ne ta wata ɗabi'arsa daban, wato yana sa jijiyoyi yoyo. Jijiyoyin da ke tsirowa a cikin giliyobilastoma a karkace suke, bangonsu duk ɓula, suna ta zubar da ruwa da furotin cikin naman da ke kewaye da su, ga shi kuma a cikin naman ƙwaƙwalwa babu irin ƙananan magudanan da sauran gaɓoɓi ke da su na kwashe rarar ruwa. Ruwan sai ya taru tsakanin ƙwayoyin halitta, matsinsa ya hau har ya kusa kamo matsin da ke cikin jijiyar kanta. Duk manomin rani a fadamar Argungu ya san cewa idan fangali ya cika har ruwansa ya yi daidai da na magudana, komai yawan ruwan da inji ya turo ba zai shiga ba, sai dai ya wuce ko ya malala ta gefe. Haka maganin da aka ɗura a jijiya yake yi: ya zo har bakin ƙarin, amma babu bambancin matsin da zai tura shi ciki, sai ɗan abin da ya ratsa a hankali. Tun wajen 1990 Jain da mutanensa suka auna wannan a jikin dabbobi, suka tarar matsin yana sama a ko'ina cikin ƙari, sannan ya faɗi farat ɗaya a bakin iyakarsa.

Wannan faɗuwa ta bakin iyaka ita ce ta fi ɗaukar hankalina a duk labarin. Tunda ruwa daga inda matsi ya yi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙasa, to kullum akwai wani siririn kwarare da ke fita daga ƙarin yana ratsa lafiyayyar ƙwaƙwalwa. Jennifer Munson, wadda yanzu take Jami'ar Virginia Tech, ta nuna a 2013 cewa ƙwayoyin cutar suna jin wannan kwarare, kuma yana ƙara musu zaƙuwar kutsawa ta hanyar wata kafar karɓar saƙo da ke jikinsu mai suna CXCR4. Idan aka toshe kafar da magani a ɗakin gwaji, kutsen da kwararen ke jawowa yakan ragu. Ma'ana, ruwan da ya hana magani shiga shi ne kuma yake zuga ƙwayoyin cuta su fita. Aikinta na baya-bayan nan ya karkata ga amfani da hoton MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, wajen zana taswirar inda ruwan ke bi a kan kowane marar lafiya, da fatan a hango inda cutar za ta sake ɓullowa. Wannan fata yana da tushe, domin an daɗe da sanin cewa mafi yawan dawowar giliyobilastoma tana faruwa ne a cikin santimita 2 daga gefen inda aka yi tiyata.

Ruwan da ke malala yana kumbura ƙwaƙwalwar da ke kewaye, kuma sau da yawa kumburin ya fi ƙarin kansa cin wuri. A nan ne muke da makamin da ya riga ya iso hannunmu, wato deksametason, maganin rage kumburi daga rukunin da ake kira sitiroyid, wanda Joseph Galicich da abokansa a Jami'ar Minnesota suka fara bayyana amfaninsa ga kumburin ƙwaƙwalwa a 1961. Na taɓa tsayawa a kan wani dattijo manomi da aka kawo daga wani ƙauye na wajen Jega, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ba ta fita, sai amai da barcin da ake tashinsa da ƙyar. Hoton kansa ya nuna wani zobe mai haske da duhu a tsakiya, kumburi ya kewaye shi har ya ture layin tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa ɗaya gefen. Aka fara masa allurar deksametason, bayan 'yan kwanaki ya tashi zaune, ya riƙe kofin kunu da hannun da ya mutu, ya tambayi ko an shigar masa da gero rumbu. Babban ɗansa ya same ni a baranda fuskarsa cike da murna ya ce, “Malam, ai Baba ya warke, Allah ya saka muku da alheri. Tafiyar Sakkwato kuma sai mu dakata har mu ga bayan kaka.” Na zaunar da shi na ce, “Alhaji, sauƙi ya samu, mun gode wa Allah, amma ruwan da ya taru ne ya janye, abin da ya tara shi yana nan yadda yake, kuma wannan sauƙin shi ne damar da za ku yi tafiyar da ita.” Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin duk wanda ya ga mahaifinsa ya dawo hayyacinsa haka zai zata, kuma nauyin bayani a kanmu yake, tun kafin a yi allurar farko.

Deksametason yana da nasa farashi. Yana ɗaga suga, yana raunana naman cinyoyi har tashi daga tabarma ya gagara, yana hana barci, yana buɗe ƙofa ga cututtuka, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai dai a riƙa rage shi a hankali. Yana kuma danne garkuwar jiki, alhali sababbin magungunan daji da yawa garkuwar suke son tayarwa, wanda hakan ya sa masu bincike suka dage wajen neman abin da zai maye gurbinsa. Abin da ke damuna a nan gida shi ne yadda ake sayar da shi a kemis babu takardar likita, har wasu na sha don su yi ƙiba. Mai ciwon kai da ya sha ya ji daidai zai iya ɓoye ƙari na tsawon watanni bai sani ba.

An yi tunanin a tari matsalar daga tushe, a toshe VEGF ɗin da ke sa yoyo. Jain ya kawo ra'ayi a 2001 cewa idan aka yi haka da ƙima, jijiyoyin ƙarin za su ɗan daidaita na wani lokaci, matsi ya sauka, jini da magani su samu shiga. Maganin da ke yin wannan aiki, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2009 don giliyobilastoman da ya dawo, saboda hotunan marasa lafiya sun yi kyau matuƙa bayan an ba su. Sai dai manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2014 sun nuna cewa ya jinkirta bayyanar ci gaban cutar, amma bai ƙara tsawon rai ba. Mutane da yawa sun ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma ta fuskar tsawon rai gaskiyarsu ce. Ni dai ba na raina maganin da ke rage kumburi ya sa a rage deksametason, ya ba mutum watannin da zai gane 'ya'yansa ya yi sallarsa da hankalinsa. Abin da nake ƙi shi ne a sa iyali su sayar da gona da shanu a kansa ba tare da an gaya musu iyakar abin da zai yi ba.

Ba ruwa kaɗai ke matsi ba, naman ƙarin kansa yana turi. Tun 1997 ɗakin binciken Jain ya nuna cewa dunƙulen ƙwayoyin daji yana tara ƙarfin da yake danna abin da ke kewaye da shi, kuma a 2019 Giorgio Seano da Hadi Nia suka bi wannan a ƙwaƙwalwa. Sun tarar ƙarin da ke girma a dunƙule ya fi mai ratsawa murɗe naman da ke gefensa, kuma masu irinsa sun fi nakasa. Don su raba illar turi da illar sinadaran cuta, sai suka ƙera wata 'yar na'ura da ke danna ƙwaƙwalwar ɓera a hankali ba tare da wani ƙari ba, kuma dannawar kaɗai ta rage gudun jini ta kashe ƙwayoyin jijiya. Da suka gwada magunguna, litiyam, tsohon maganin taɓin hankali, ya rage mutuwar ƙwayoyin ya kuma kyautata motsin ɓerayen. Turin yana matse ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙarin ma, iskar numfashi ta yi ƙaranci, ƙwayoyin da suka shaƙe su ƙara fitar da VEGF, yoyo ya ƙaru, ga shi kuma gashi ba ya kama ƙwayar da ba ta samun iska yadda ya kamata. A 2023 Meenal Datta, ita ma daga wannan ɗaki, ta buga cewa losatan, maganin hawan jinin da ke kowane kemis a Birnin Kebbi, ya rage kumburin da magungunan tayar da garkuwa ke jawowa a ɓeraye masu giliyobilastoma, ya kuma tsawaita rayuwarsu. Dole a ajiye wannan kusa da wani gwaji da aka yi wa mutane a Faransa aka buga a 2019, inda losatan bai rage yawan sitiroyid ɗin da marasa lafiya ke buƙata lokacin gashi ba. Saboda haka ina roƙon mai karatu kada ya saya wa majinyacinsa ɗaya daga cikin biyun a kan wannan labari. Litiyam tazarar da ke tsakanin ƙimar da ke magani da wadda ke guba ƙanƙanuwa ce, sai da gwajin jini ake shan sa, losatan kuma zai iya saukar da hawan jinin da ƙwaƙwalwa mai matsi ta dogara da shi don jini ya isa gare ta.

Akwai kuma batun tauri. Sanjay Kumar na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya nuna a 2009 cewa ƙwayoyin wannan cuta sun fi gudu da hayayyafa idan aka shimfiɗa su a kan abu mai tauri. Suna jin taurin ne ta wasu kafofi, ciki har da PIEZO1, wadda Ardem Patapoutian ya gano a 2010 ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 2021. Masu bincike a asibitin yara na Toronto sun bayyana a 2018 cewa tauri yana kunna PIEZO1, ita kuma tana sa ƙwayar ta ƙara taurara muhallinta. Har yanzu wannan sani bai zama magani ba, kuma wani magani mai suna silengitayid da aka yi don hana ƙwayoyin riƙe abin da ke kewaye da su ya faɗi a babban gwaji a 2014.

Wasu sun juya tunanin, suka ce a yi amfani da matsin a matsayin kayan aiki. Tun 1994 aka fito da dabarar zura siririn bututu cikin ƙwaƙwalwa a riƙa tura magani da famfo a hankali, amma babban gwajin da aka buga a 2010 bai nuna ƙarin tsawon rai ba, kuma daga baya ɗakin Munson ya ga cewa a ɓeraye turawar kanta tana iya ƙara kutsen ƙwayoyin. Wadda ta fi ba ni ƙwarin gwiwa ita ce ta amfani da sautin da kunne ba ya ji, irin na na'urar duba ciki: a ɗura ƙananan kumfa a jini, a auna wurin da ake so da sautin, kumfan su yi rawa su buɗe shingen da ke hana magani ratsa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga baya shingen ya rufe da kansa. An fara yi wa mutum haka ba tare da fasa kai ba a asibitin Sunnybrook na Toronto a 2015, a Faris kuma Alexandre Carpentier ya bi ta hanyar dasa 'yar na'ura a ƙashin kai.

Waɗannan duka suna da nisa da Zuru ko Yawuri ko Talata Mafara, amma ilimin matsin cikin kai yana da aikin yi a ƙaramin asibitinmu yau, kuma inda ya fi gaggawa shi ne lokacin sanƙarau. A annobar da ta taso daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta shiga 2017, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 1,100 suka rasu, don haka hannun ma'aikatanmu ya saba da ɗibar ruwan laka ta gadon baya, kuma daidai ne ya saba. To amma idan akwai ƙari a kai, ɗibar ruwa ta ƙasa tana rage matsi a can alhali na sama yana nan, sai ƙwaƙwalwa ta zame ta cusa kanta cikin ramin da ke gindin ƙoƙon kai, ta danne cibiyar numfashi. Shi ya sa nake nanata wa ɗalibai cewa kafin a miƙa wa likita allurar, a tambayi tun yaushe ciwon kan ya fara, ko yana tsananta da asuba ko lokacin sujada da tari, ko akwai aman da ba na abinci ba, ko gani ya ragu, ko farfaɗiya ta fara wa baligin da bai taɓa yi ba, ko wani ɓari ya yi rauni, ko halinsa ya sauya har iyali sun fara zancen iska ko sammu. A duba ƙwayar ido da fitila, a nemi a leƙa bayan idon don ganin ko jijiyar gani ta kumbura. Idan jini ya hau, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice, alamomin nan uku da ake jingina wa Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, to lokaci ya ƙure: a ɗaga kan gado zuwa digiri 30, a miƙar da wuya, a kira likita ya duba batun manitol, maganin da ake ɗurawa a jijiya don janye ruwa daga ƙwaƙwalwa.

Dalilin da ya sa nake matsa wa iyalai su yi tafiyar kusan kilomita 150 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, shi ne alamomin matsi ba sa faɗin abin da ya kawo su. Zoben da aka gani a hoto zai iya zama giliyobilastoma, zai kuma iya zama ƙurji mai mugunya ko dunƙulen tarin fuka, waɗanda ake warkewa daga gare su da magani ko da tiyata. Wanda ma ya fi yawa a cikin ƙarin da ke tsirowa a cikin kai shi ne na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mafi yawansa ba daji ba ne, kuma idan aka cire shi da wuri mutum yakan koma gonarsa. Babu mai iya rarrabe su da tabbaci sai an ɗauki hoto mai kyau, sau da yawa kuma sai an ɗebi naman an duba. Mai tafiya ya riƙe hotunan kansu ba takardar sakamako kaɗai ba, a rubuta masa ranar da aka fara deksametason da ƙimar da yake sha, a auna sugarsa kafin a tashi, kuma a tabbata maganin da ke hannunsa zai kai shi har ranar da zai ga likitan tiyata.